Yayana na so mu sayar da gonar gado ya nemi majalisar jiha, wai Rurum ne madubinsa

Tela Mai Zare ya rubuta:

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Shawara nake nema, kuma na fi so ta fito daga bakin waɗanda suka taɓa shiga harkar da ƙafarsu, ba masu jin ta a rediyo irina ba.

Ni tela ne, a cikin birni nake ɗinki, amma asalinmu daga Kano ta Kudu muke. Yayana uwa ɗaya uba ɗaya malamin sakandare ne a garinmu, ya daɗe yana koyarwa. Mutum ne mai jama'a, wannan ba zan ɓoye ba. In an yi rasuwa shi ne a gaba wajen haƙa kabari, in yaro ya rasa kuɗin rajistar jarrabawa ƙofarsa ake bugawa. To tun bayan babbar sallah wasu samari suka fara zuga shi ya fito takarar majalisar jiha. Har sun buɗe masa zaure a WhatsApp, sun ɗora hotonsa da babbar rigar da na ɗinka masa da hannuna, wadda ko kuɗin aikinta bai gama biyana ba. Yanzu magana ta zo kan gonar da mahaifinmu ya bari, wadda har yau ba a raba ba. Yana so mu yarda a sayar, ya sayi fom ya fara zagaye, in ya ci ya biya kowa haƙƙinsa. Mu shida ne, huɗu mata. Mahaifiyarmu ta ce ba ruwanta, mu sasanta kanmu, amma na san ba ta barci.

Duk sanda na ce masa siyasa ba ta mai albashin koyarwa ba ce, sai ya kawo min Kabiru Alhassan Rurum. Ya haddace tarihinsa kamar karatun allo. Wai ka duba, ɗan majalisar jiha ne mai wakiltar Rano, ya zama shugaban majalisa a 2015. Ya ajiye kujerar a Yulin 2017 ana tsaka da zarge-zargen da ya musanta, kowa ya ce tasa ta ƙare, sai ga shi a Yulin 2018 an tsige Yusuf Abdullahi Ata an dawo da shi. A 2019 ya haye majalisar wakilai ta tarayya, Rano da Bunkure da Kibiya, a APC. A 2022 ya bar APC ya shiga NNPP, ya sake ci a 2023. A 2025 kuma ya koma APC. Sai yayana ya ce, "Ka gani? Duk inda ya sa ƙafa jama'arsa na biye da shi. Mutum ake zaɓa, ba jam'iyya ba. In kana da jama'a ka gama."

Ni dai ban iya ba shi amsa, domin abin da ya lissafa ya faru. Amma zuciyata ba ta kwanta ba. Tambayata ita ce: wannan tafiya ta Rurum, jama'a ce ta yi masa ita ko akwai wani abu da mu na waje ba ma gani? Kuma mutum irin yayana, da ba shi da uban gida ba shi da kuɗi sai farin jini, yana da hanya a kujerar majalisar jiha? Don Allah ban zo don a zagi kowa ko a yabi kowa ba.

Tsohon Sakataren Mazaɓa ya amsa:

Wa alaikumus salam, ɗana. Na yi sakataren jam'iyya a mazaɓarmu tun zamanin APP, kafin ta koma ANPP, har zuwa haɗakar da ta haifi APC, sannan na ajiye saboda ƙafa da ido. Bari in ba ka abin da zai taimake ka ka amsa wa yayanka, kuma daga lissafin nasa zan ɗauko.

Ka ce masa ya daina kallon jam'iyyun da Rurum ya shiga, ya kalli ranakun da aka kaɗa masa ƙuri'a. A ƙasar nan zaɓe kwana biyu ne. Rana ta farko shugaban ƙasa da sanata da ɗan majalisar wakilai. Rana ta biyu gwamna da ɗan majalisar jiha. Kowace rana tana da mai ita, wato wanda saboda shi mutane suka baro gida suka shiga layi, sauran kuwa a bayansa suke raɓe.

A 2015 Buhari ya samu ƙuri'a 1,903,999 a Kano ranar 28 ga Maris. Mako biyu bayan nan aka yi na gwamna, guguwar ba ta lafa ba, ana ta "sak" daga sama har ƙasa, kuma a lokacin Kwankwaso da Ganduje tafiyarsu ɗaya. A wannan shekarar duk wanda ke riƙe da tikitin tsintsiya a Kano, ko bai fita yaƙin neman zaɓe ba ya ci. Wannan ita ce majalisar da Rurum ya shugabanta.

To zo 2019. An rabu, jar hula, wato mutanen Kwankwaso, ta koma PDP. Ranar zaɓen gwamna, 9 ga Maris, ita ce ranar da APC ta sha wuya a Kano, har aka ce zaɓe bai kammalu ba, aka koma ranar 23 ga Maris. Da ƙyar Ganduje ya tsallake, tazarar ba ta kai ƙuri'a dubu tara ba, kuma PDP ta kwashe kujeru sama da goma a majalisar jiha. Ina Rurum a wannan ranar? Ba ya kan takarda. Shi nasa zaɓen an riga an yi shi tun 23 ga Fabrairu, ranar Buhari, ranar da Buhari ya samu 1,464,768 a Kano. Ya bar ranar gwamna ya koma ranar shugaban ƙasa a daidai shekarar da ranar gwamna ta zama haɗari.

A 2023 Buhari ba ya kan takarda. Wa ke da ranar farko a Kano? Kwankwaso, da ƙuri'a 997,279, Tinubu na biye da 517,341. A wace jam'iyya Rurum ya tsaya ranar 25 ga Fabrairun? A ta Kwankwaso. A ranar ce Kawu Sumaila ya kayar da Kabiru Gaya, wanda yake sanata tun 2007.

Ban ce mutumin ba shi da jama'a ba, kar wani ɗan Rano ya taso min. Abin da nake cewa shi ne, a zaɓukan nan uku ba a taɓa ganinsa yana fuskantar guguwa ba, kullum tana bayansa. Wannan gwaninta ce, kuma ba ƙarama ba, don da yawa sun yi lissafin sun faɗi. Amma gwanintar karanta iska ce da sanin lokacin tashi, sannan da samun wanda zai karɓe ka ya ba ka tikiti a ranar da ka iso. Yayanka yana da wannan?

Tikitin nan shi ne maganar gaba ɗaya. Bari in ba ka abin da na gani da idona a wani zaɓen fid da gwani na majalisar jiha, ba zan faɗi shekara ko jam'iyya ba. Muna da wani ɗan takara kamar yayanka, ma'aikacin asibiti, kowa na son sa. Ya sayar da motarsa da wani fili. Daren zaɓe aka kwashe deliget, wato wakilan jam'iyya masu zaɓen ɗan takara, a motoci aka kai su wani masauki a birni, aka karɓe wayoyinsu a ƙofa aka zuba a buhu, wai kar a dame su. Shi yana gari yana ta kiran lambobi ba sa shiga. Da safe aka dawo da su filin makarantar firamare, kowanne da sabuwar shadda a leda. Kafin a fara sai wani babba ya sauko daga mota ya tara mu shugabanni a ofishin hedimasta, ya ce an yi maslaha daga sama, ga sunan da za a yi. Muka fito, aka jera layi, aka ƙirga. Mutumin nan da ya ciyar da deliget ɗin nan wata da watanni, waɗanda suka tsaya a bayansa ba su cika yatsun hannu ɗaya ba, biyu daga ciki 'yan uwan matarsa ne. Yana tsaye da takardar jawabin godiya a aljihu. Ni na raka shi gida, a bayan babur ɗina.

Saboda haka kafin a taɓa gona, tambaya ɗaya za ka yi masa: wane ne ya kira ka ya ce ka fito? In amsar ita ce samarin WhatsApp, to ka riƙe takardar gonarku da kyau.

Ɗan Rano Na Asali ya amsa:

Baba Sakatare, Allah ya ƙara girma, ga ɗan Ranon ya taso. Lissafinka na ranaku daidai ne, ban ja ba. Amma ka tsallake abu guda, kuma a wajenmu shi ne babba.

Rano tana cikin Hausa Bakwai. Yaro ɗan firamare ya san wannan, yana rera ta tare da Daura da Katsina da Zazzau da Gobir da Kano da Biram. Amma mun tashi mun tarar garin da ake lissafawa a jerin nan hakimi ne ke riƙe da shi, sai an tafi Kano a yi gaisuwa. Marigayi Abubakar Rimi ya taɓa ɗaga darajar masarautar a jamhuriya ta biyu, aka rushe bayan ya sauka. Iyayenmu da wannan ƙaiƙayin suka tsufa. Sai ga shi a watan Mayun 2019 majalisar jiha ta yi dokar da ta kafa masarautun Rano da Gaya da Ƙaraye da Bichi, Ganduje ya sa hannu ranar 8 ga wata. Wa ke kan kujerar shugaban majalisa a ranar? Ɗan Rano, Rurum, a makonninsa na ƙarshe kafin ya wuce Abuja. Na san mutanen birni suna kallon dokar nan a matsayin yaƙi da Sarki Sanusi, kuma ban ce ba su da hujja ba. Amma ku zo ku tambayi dattijon da ya ga an ba Sarkin Rano sanda a garinsa. Ranar hawan sallar farko na ga tsofaffi suna kuka a bakin hanya, mutanen da ba su taɓa shiga jam'iyya ba.

To wannan ba guguwa ba ce, Baba. Abu ne da mutum zai nuna da yatsa ya ce a zamanina aka yi. Shi ya sa nake ganin ko da bai bi Kwankwaso a 2023 ba, ba za a ture shi cikin sauƙi ba. Ai guguwar ba ta kwashe kowa ba. Barau Jibrin ya tsira a Kano ta Arewa, Alhassan Ado Doguwa ya tsira a nan kudu duk da sai da aka je zagaye na biyu. A majalisar jiha ma NNPP 26 ta samu, APC ta riƙe 14. Waɗannan sha huɗun ai mutane ne suka tsaya musu.

Kuma ka duba abin da ya biyo baya. Ranar 23 ga Mayun 2024 majalisar da NNPP ke da rinjaye ta soke dokar masarautun. Bayan wata biyu aka dawo da Rano a matsayin mai daraja ta biyu, da ƙananan hukumomi uku kacal, Rano da Bunkure da Kibiya, wato daidai mazaɓar da Rurum ke wakilta. Ni a nawa ganin, daga ranar nan zamansa a tafiyar ya zama da wuya, don ba zai iya shiga gari ya kare abin ba. Ba a daɗe ba kuwa aka ji ya raba gari da Kwankwasiyya. Wasu za su ce lissafin 2027 ne. Wataƙila duka biyun ne.

Malam Tela, ni ba zan ce yayanka ya sayar da gona ba. Amma kar a gaya masa jama'a ba ta da amfani.

Tsohon Sakataren Mazaɓa ya amsa:

Ɗan Rano, na ji ka, kuma maganar masarauta gaskiya ce. Sai dai ka lura da wata: an zaɓe shi zuwa Abuja a Fabrairu, dokar ta zo a Mayu. Ba ita ta ba shi 2019 ba. Kuma da gwamnan lokacin ba ya so, ko shugaban majalisa ɗan Rano ne sau goma, takardar ba za ta wuce karatu na farko ba. Shaidar ita ce da kotu ta rushe dokar a ƙarshen shekarar, majalisar da ta biyo baya ƙarƙashin Abdul'aziz Garba Gafasa ta sake yin ta a Disamba ba tare da Rurum ba. Da gwamna ya canza, majalisa ta warware ta cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Zauren ɗaya ne, sandar ɗaya ce.

Malama Uwar Biyu ta amsa:

Sannunku da ƙoƙari. Ni ba 'yar siyasa ba ce, malamar firamare ce, amma na yi aikin wucin gadi da hukumar zaɓe ranar 18 ga Maris 2023, ina cikin masu miƙa takarda a wata rumfa. Abin da na gani shi zan faɗa.

Malam Tela, ka taɓa tsayawa ka kalli takardar ƙuri'a da kyau? Babu sunan ɗan takara a kai, babu hotonsa. Tambarin jam'iyyu ne kawai a jere da haruffansu. Yayanka zai iya buga fosta dubu da babbar rigar da ka ɗinka masa, amma ranar zaɓe fuskarsa ba ta cikin rumfa. Muna ba mutum takarda biyu, ta gwamna da ta majalisar jiha, bayan na'ura ta tantance shi. Layin mata ya fi tsawo a rumfarmu, tun kafin mu gama jera kaya suke zaune a ƙasa da 'ya'ya a baya. Tsohuwa za ta karɓi takardun ta juya su sama da ƙasa, ta ɗago ta ce min, "'Yar nan, ina kayan marmarin?" ko "Ina tsintsiyar?" Doka ba ta ba ni damar nuna mata ba, sai in ce Iya ki duba a hankali. Tun safe har muka rufe ban ji mace ɗaya ta ambaci sunan mai neman majalisar jiha ba. Gwamna ake ambata, shi ma ba kowa ba.

Da muka zo ƙirga a gaban ejan-ejan, muna ɗaga takarda ɗaya bayan ɗaya ana amsawa da ƙarfi, sakamakon akwatin gwamna da na majalisa kusan kai ɗaya suka zo. Akwai 'yan shinkafa da wake, waɗanda suka ba gwamna a nan suka ba ɗan majalisa a can, amma ba su da yawa, kuma daga yadda ejan ɗin ke murmushi ka san 'yan unguwar ɗan takarar ne. Inda aka yi kankankan, waɗannan 'yan kaɗan ɗin za su iya raba gardama, a nan maganar Ɗan Rano take da ƙarfi. Amma sai jam'iyyarka ta kawo ka kusa tukuna.

Sannan ka yi haƙuri in shiga abin da ba a tambaye ni ba. Ka ce mata huɗu ne a cikinku. An tambaye su ɗaya bayan ɗaya, ba a gabansa ba? Domin na san yadda ake yi. A tara su a ɗakin uwa, babban wa ya yi magana, kowace ta sunkuyar da kai ta ce "duk abin da kuka yanke." Wannan ba yarda ba ce, kunya ce. Ni shawarata a kira malami a raba gadon nan kowa ya san iyakarsa. In ya so ya sayar da nasa kason ya shiga siyasa da shi, wadda ta ga za ta taimaka masa da nata ta ba shi da hannunta. Kada wata ta zo aurar da 'ya nan da shekara uku ta rasa abin sayen gado da katifa, a ce mata ai an kai wa deliget.

Lauyan Zaure ya amsa:

Hajiya Malama ta gama magana a kan gado, ba ni da ƙari. Ni ɓangaren doka zan ɗan taɓa, don yayanka ya san ƙofar da yake son shiga.

Sharuɗɗan tsayawa ba su da tsauri. Tun gyaran da aka sa wa hannu a 2018, shekara 25 ta isa a nemi majalisar jiha, da takardar sakandare. Amma dole jam'iyya ce za ta tsayar da kai, babu ɗan takara mai zaman kansa. Kuma tunda ma'aikacin gwamnati ne, sai ya ajiye aikinsa aƙalla kwana 30 kafin zaɓe. Wannan ya sa a lissafi: gona ta tafi, albashi ya tafi. Kuɗin fom a 2022, APC naira miliyan biyu ta sa wa majalisar jiha, PDP dubu ɗari shida. A zaɓen 2023, dokar zaɓe ta 2022 ta hana ɗan takarar wannan kujera kashe fiye da miliyan 30. Fom ɗin shi ne mafi arha a cikin abin da zai kashe, kuma ba a mayar da kuɗinsa in an yi maslaha da wani.

Kujerun 40 ne a Kano duk da ƙananan hukumomi 44, saboda tsarin mulki ya hana kowace majalisar jiha wuce 40. Don haka akwai inda ƙananan hukumomi biyu ke raba kujera ɗaya, kuma a irin wuraren nan akan yi karɓa-karɓa. Ya bincika ko ma layin garinku ne a wannan zagayen.

Game da Rurum, akwai abin da yayanka bai lissafa ba. Daga 2015 zuwa 2023 kujerar shugaban majalisar Kano ta tashi daga Rurum zuwa Ata, ta dawo Rurum, ta koma Gafasa, shi ma ya ajiye a Disambar 2020 Hamisu Chidari ya hau. Duk a jam'iyya ɗaya, ƙarƙashin gwamna ɗaya, kuma ba talakan da aka tambaya. Kashi biyu bisa uku na 'yan majalisa ke tsige shugabansu, sa hannu ne kawai a takarda. Shi Ata da aka tsige a 2018, a 2024 Tinubu ya naɗa shi ƙaramin ministan gidaje. Ka ga hawa da saukar mutanen nan ba a rumfar Hajiya Malama ake yanke yawancinsa ba.

Sauya sheƙa kuma da yake burge shi, sashe na 109 na tsarin mulki ya ce ɗan majalisar jiha da ya bar jam'iyyar da ta kawo shi ya rasa kujerarsa, sai in jam'iyyar ta rabu gida biyu ko ta yi haɗaka. Na tarayya ma haka ne a sashe na 68. Abin da ya sa ba ka ganin ana korar su shi ne shugaban majalisa ne zai ayyana kujerar a matsayin babu kowa, kuma galibi wajen jam'iyyarsa ake komawa. Ƙaramin ɗan majalisa da ya yi tsalle zuwa ɓangaren da ba shi da rinjaye, shi ne ake karanta wa sashen. Ko ba sauya sheƙa ma, a Maris 2020 da aka yi rikicin sandar majalisa a zauren kan batun Sarki Sanusi, 'yan majalisa biyar aka dakatar, sai kotu ce ta dawo da su.

Tela Mai Zare ya amsa:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Jiya da daddare na karanta masa duka a waya. Maganar ranaku ta Baba Sakatare ta sa ya yi shiru, ta Hajiya kuma ta ɓata masa rai, ya ce shi ba azzalumi ba ne. Amma da safe ya kira ni ya ce a nemo malamin da zai raba. Tambayar wa ya ce ya fito, ya ce shugaban jam'iyya na ƙaramar hukuma ya ce masa "ka fara motsi mu gani." Yanzu kuma wai ko ya fara da kansila? Baba, me ka gani?

Tsohon Sakataren Mazaɓa ya amsa:

"Ka fara motsi mu gani" ni kaina na faɗa wa mutum huɗu a kujera ɗaya, a mako ɗaya. Ba ƙarya muke yi ba, so muke a yi ta zuwa ofis ana sayen lemo ana biyan kuɗin haya. Kar ya ɗauke ta a matsayin alkawari.

Kansila kuwa, ya tuna hukumar zaɓe ta jiha ce ke shirya shi, ba ta tarayya ba. A 2018 da 2021 APC ta cinye ƙananan hukumomi 44 gaba ɗaya, a Oktoban 2024 NNPP ta cinye 44 da kansiloli 484. Can ma sunan da aka rubuta ne, sai dai kuɗin da za a yi asara bai kai na majalisa ba, kuma mai rubuta sunan yana kusa, za ka iya zuwa gidansa da ƙafa.

In da gaske yake, ga abin da zan ce ya yi a wannan zagayen. Ya riƙe aikinsa. Ya yanki katin jam'iyyar da yake so a mazaɓarsa, ya riƙa zuwa taro ana ganinsa. In an zo zaɓen shugabannin mazaɓa ya tura mutanensa su nemi kujeru, ko sakatare ko ma'aji ko shugabar mata, don a zamaninmu daga nan deliget suke fitowa. Ranar zaɓe ya karɓi akwatunan garinku ya kawo su da rinjaye mai kyau, ya ajiye kwafin takardar sakamakon kowace rumfa a gida. Wannan takardar ita ce abin da zai ɗauka ya kai wa manya in lokacin rabon tikiti ya zo, ita suke karantawa. Ka ce masa kuma ya biya ka kuɗin rigarka kafin ya buga fosta da ita.